Ƙanƙarar Masu Kifi

Yayana Abdulghani bai iya cewa a'a ba. Kada ku ɗauka yabonsa nake yi. Idan ba ya son abu, sai ya kafa maka sharaɗin da ya san ba mai iya cikawa, ya koma gefe yana jan carbi, don a ce ai shi bai hana ba. Tun muna yara a Ruwais, unguwarmu a Jidda, haka yake, kuma tsufa bai rage masa komai ba.

Wannan halin ya ɗauko wa autarsa Manal ranar da ta zo da labarin aiki. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta gama karatu ta daɗe a gida tana jira, sai ga wani kamfani da ke aiki a kan duwatsun Tabuk, can arewacin ƙasar, yana neman masu jinya a asibitin ma'aikatansa. Suka ɗauke ta, suka ba ta zuwa ranar Lahadi ta ce e ko a'a. Cikin abin da suka gaya mata har da cewa duk mai hawa dutsen da motarsa a lokacin sanyi dole ya riƙe sarƙar taya, domin wani sa'in dusar ƙanƙara kan rufe hanya. Yarinyar nan da bakinta ta faɗi wannan a gaban ubanta, tana ta murna. Ni ina gefe ina cire ƙayar kifi, na ji kamar in tashi in toshe mata baki.

Yaya ya ajiye finjalin shayi a hankali. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin dusar ƙanƙara, ta ce a waya. Ya tambaye ta ko ta taɓa riƙe sarƙa, ta ce ta wuya. Bai yi dariya ba.

"Ban hana ki ba, ya binti," in ji shi, wato 'yata da Larabci. "Ki ɗaura sarƙar da hannunki, ba mai taya ki, ki hau tudu a kan ƙanƙara ina kallo da idona. Ranar da na ga haka, na sa miki albarka ki tafi."

A Jidda fa ake wannan magana, garin da in aka ce an yi sanyi, na'urar sanyaya ɗaki kawai muke rage wa ƙarfi. Ya ƙara da cewa shi ba zai sa mata baki ba, ba zai nuna mata ko da ɗan yatsa ba, ya kuma rantse a kan haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san tsoro ne ke cinsa, domin tun da ta iya tafiya bai taɓa cin abincin rana ba tare da ita ba. Amma na san Manal ma. Ba wata doka da ta riƙe mata ƙafa, tana da motarta tana da takardunta, sai dai ba za ta taka ko bakin ƙofa ba in bai sa albarka ba. Shi ma ya san haka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Abin dariyar shi ne duk Ruwais ba wanda ya kai shi sanin sarƙa. Tun yana saurayi har ya yi furfura a tashar jiragen ruwa yake, aikinsa ɗaure kaya a cikin jirgi don kada su motsa a teku: motoci, injuna, manyan bututu. Ya bar aikin, amma aikin bai bar shi ba. Ko ragon layya aka ɗora a bayan mota, sai direba ya ɗan yi gaba, Yaya ya ce a tsaya, ya fita ya sake jan igiya. Kullum maganarsa ɗaya, kada a yarda da ɗaurin farko, a bari kaya su motsa sannan a dawo a sake ja. Mun makara biki saboda wannan, mun makara tarbar baƙi, har ya kai yaran gidan suna kwaikwayonsa in ya juya baya.

Manal ba ta yi kuka ba. Ta yi odar sarƙar ta waya, aka kawo ta a wata ƙaramar jaka mai hoton dutse fari fat. Da la'asar muka fito lungun ƙofar gida, ta shimfiɗa ta a ƙasa tana bin hoton da ke jikin jakar. Ni ban san komai ba a harkar mota, amma na ɗauko kujera na zauna don maƙwabta su san da babba a wurin. Sun kuwa leƙo. Wata ta tambaya ko ɓarayin mota ne suka shigo unguwa.

Sai ga Turki, wanta, ya dawo daga aiki. Turki duk ƙarshen mako yana cikin rairayi da abokansa, ba tudun yashin da bai hau ba tsakanin Jidda da Makka, kuma tun daga nan ya ɗauka duk abin da ya shafi taya a hannunsa yake. Ya ce ai yashi da ƙanƙara uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kafin Manal ta buɗe baki ya durƙusa ya sassauce iskar tayoyin gaba, yadda suke yi in za su shiga rairayi, ya ce haka taya ke faɗi ta kama ƙasa. Ta ɗaura sarƙar a kan lafaffiyar taya, ta shiga ta ɗan ja motar. Sarƙar ta saki jiki tana dukan cikin mota, ƙwal-ƙwal-ƙwal, har kyanwar lungu ta tsere.

Na ɗaga kai na dubi tagar bene. Labule ya motsa. Na san Yaya na tsaye a bayansa, kuma na san ƙarar sakakkiyar sarƙa ta fi masa zagi ciwo. Bai buɗe tagar ba. Da na hau kai masa shayi na tarar ya ƙure ƙarar rediyo.

Manal ta sallami Turki cikin ladabi, ta kai motar aka mayar mata da iska, ta ci gaba ita kaɗai. Kullum da yamma tana durƙushe a lungun nan. Ta gano cewa motarta da tayoyin gaba take ja, don haka can sarƙa za ta zauna. Ta gano cewa sai an warware ta sarai a ƙasa, ba murɗe ko ɗaya, bakin ƙugiyoyin na kallon waje don kada su ci roba. Sai a zura ta bayan taya, a haɗa ta sama, a jawo ta gaba a maƙala, sannan a ja ta matse. Kafin Laraba hannunta ya faɗa. Amma da ta gama ta zauna kusa da ni a dakali, ta ce, "Goggo, duk wannan wahalar banza ce. Ina zan samo masa ƙanƙara?"

Na kwana ina juya tambayar a raina. Washegari da sassafe na tafi Bangala, kasuwar kifi, kamar yadda na saba. Sana'ata ke nan, ina dafa shinkafa da kifi irin ta mutanen Jidda, wadda ake ce wa sayadiyya, ina kai wa gidajen biki. Ina tsaye ina taya wani kifi sai santsi ya kwashe ni, saura kaɗan in zauna daɓas a gaban jama'a. Na duba ƙasa in ga abin da ya so kunyata ni. Niƙaƙƙiyar ƙanƙara ce, wadda suke zuba wa kifi, ta zube an tattake ta har ta zama kamar gilashi. Na daɗe ina kallonta, mai kifin na ta tambayata ko na ji ciwo.

Mai kawo musu ƙanƙarar Ubale ne, wani Bakano da ya zo da kwangila ya zama shugaban ma'aikata a wata masana'antar ƙanƙara a bayan kasuwa. Mun san juna, don duk azumi nakan aika musu da abin buɗa baki. Na same shi na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in biyo shi. A bayan masana'antar akwai wani hawa na siminti da motoci ke bi su kai bakin dandamalin lodi, da katanga hagu da dama, da fili a gindinsa. Ya ce ranar Juma'a ba lodi, kuma kullum akwai ragowar ƙanƙara da suke zubarwa. Zai nemi izinin mai wurin. Ladansa kuwa tiren sayadiyya, amma da kan kifin.

Ya gargaɗe ni da abu ɗaya, mu zo da wuri, domin ranar Jidda ba ta san Janairu ba.

Yaya na same shi bayan sallar asuba ranar Juma'a. Na ce ya sa takalmi, za a cika masa sharaɗinsa. Ya dube ni kamar na zautu. Da na ga zai fara kawo zancen ciwon gwiwa, na tuna masa cewa a gabana ya yi magana, kuma ni Azumi ba a taɓa yin magana a gabana ta ɓace ba. Ya shiga ɗaki ya daɗe, har na fara tunanin ya koma barci. Ya fito fuska a murtuke, ya shiga mota.

Da muka isa, ni kaina sai da na riƙe baki. Ubale da mutanensa sun shimfiɗe hawan da filin gindinsa da ƙanƙara, sun bi da bayan shebur sun daddaɓe. Wurin ya yi fari tas yana fitar da hayaƙin sanyi, ga ƙarnin kifi na busowa daga kasuwa. Ma'aikata sun jeru a kan katanga, har da wasu masu kifi da labari ya kai musu. Yaya ya sa ƙafa a bakin ƙanƙarar ya ɗan murza, ya janye da sauri. Ya ce wannan ai ƙanƙarar kifi ce. Na ce shi ƙanƙara ya ce, bai faɗi ta wane ne ba.

Sai ya sake dabara. Ya ce ta yiwu ko ba sarƙa motar za ta hau, don haka a fara gwadawa haka nan ya gani. Turki ya karɓi makulli tun ba a roƙe shi ba. Ya ja baya ya taho da gudu, ya taka totur yadda yake yi wa tudun yashi. Motar ta ɗan hau, tayoyin suka shiga juyawa a wuri ɗaya suna feso ƙanƙara, sannan ta karkace ta sulalo baya a hankali har gindin hawan. Masu kifi suka tafa masa. Ya fito yana cewa laifin motar ne. Ni dai abin da na gani shi ne ya goge hanyar ta ƙara santsi, ga rana ta fara leƙowa ta saman katanga.

Manal ta ɗaure bakin abayarta a ƙugu, ta ɗauko jakar ta durƙusa. A nan muka gane abin da lungun gidanmu bai koya mata ba. Sarƙar na taɓa ƙanƙara ta ɗauki sanyi. Safar hannun asibiti ta sa, irin ta roba mai laushi, ƙugiyar farko ta yage ta. Ta cire ta yar, ta ci gaba da hannu tsirara. Tayar hagu ta ba ta haɗin kai. Ta dama kuwa, da ta zura hannu bayanta don ta haɗa sama, yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa. Ta gwada, ƙugiya ta kuɓuce. Ta sake, ta kuɓuce. Na ga jini a ɗan yatsanta, ita ko ji ba ta yi ba. Ruwa ya fara gangarowa ta gefen katanga.

Turki ya yunƙura zai je, na riƙe masa riga. Na saci kallon Yaya. Carbin ya tsaya cak a hannunsa na hagu, hannun dama kuma yana cikin aljihu ya dunƙule, leɓensa na motsi ba sauti. Tausayinsa ya kama ni a lokacin, duk da haushinsa da nake ji. Mutum ne da ya ɗaure kansa da bakinsa.

Manal ta tura hannayenta a hammata ta ɗan jira. Ta hura musu iska. Sannan ta kwanta da gefenta a kan ƙanƙarar, kunci a jikin taya, ta zura hannu har kafaɗa. Muka ji ƙas. Ta jawo sarƙar gaba ta maƙala, ta ja har ta kwanta lif a jikin roba. Ta miƙe rabin jikinta sharkaf, ta shiga mota.

Motar ta motsa a hankali a kan filin, sarƙa na cizon ƙanƙara, ƙurus-ƙurus. Ta doshi hawan. Tana kaiwa gindinsa sai ta tsaya, ta ja birkin hannu, ta buɗe ƙofa ta fito.

Wani a kan katanga ya ce tsoro ya kama ta. Turki ya ɗaga murya da Larabci yana cewa yalla, ƙanƙara na narkewa. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, yarinya ta karaya a bakin gaɓa. Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa gaban tayar hagu, ta sa yatsu ƙarƙashin sarƙar ta ɗaga. Ashe sarƙar ta saki, har hannu na shiga. Ta kwance maƙalin ta sake ja, ta matse. Ta zagaya ta yi wa ta dama haka. Wannan ban taɓa ganin ta yi shi a lungu ba, don can iyakarta ɗaurawa da kwancewa.

Na ji wani sauti kusa da ni kamar an shaƙe mutum. Yaya ne. Ya juya fuska wajen katanga yana gyaran murya, wai ƙarnin kifi ne ya shiga masa hanci.

Manal ta koma mota ta zauna. Ba ta yi gudun Turki ba. Ta sa ƙaramar giya ta taɓa totur kaɗan, motar ta kama hawa kamar tsohuwa mai hawan bene. A tsakiya, daidai inda Turki ya goge, tayar dama ta zame. Na ambaci sunan Allah. Manal ba ta ƙara wuta ba, ba ta taka birki ba, ta ɗan sassauta ƙafa har sarƙa ta sake samun abin kamawa. Motar ta ci gaba, taku bayan taku, har tayoyin baya suka hau dandamali.

Masu kifi suka ɓarke da ihu, Ubale na buga shebur a katanga. Ni kuwa na saki guɗa irin wadda ban yi ba tun bikin Turki, ban damu da wanda ke kallo ba. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Manal ta fito, kafin ta kalli kowa ta durƙusa za ta kwance sarƙar, don saman dandamalin busasshen siminti ne, kuma ba a taka shi da sarƙa.

"Bar ta," in ji Yaya.

Ya bi matakalar gefe ya hau, da gwiwar da ya ce tana ciwo. Muka bi shi. Ya durƙusa gaban tayar, ya kama sarƙar ya jijjiga da dukan ƙarfinsa. Ba ta motsa ba. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka, ya bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na san laifi yake nema, kuma na san in akwai shi sai ya gano. Ya daɗe a tsugune.

"Wa ya ce miki ki tsaya ki sake ja?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Abuya, kai ne," in ji Manal. Haƙoranta na kaɗawa, Hausarta na fita da ƙyar. "Kowace Sallah. Har rago ya gaji da mu."

Turki ya fashe da dariya. Yaya bai yi ba. Ya miƙe ya kama hannayenta biyu ya juya su, ya ga yankan da ke yatsanta, ya ga yadda faratanta suka yi shuɗi. Ya ce wace irin ma'aikaciyar jinya ce za ta kama ƙarfe cikin sanyi da safar roba. Ya yi ta faɗa a kan wannan. Sannan ya zaro hannunsa daga aljihu.

Safar hannunsa ce ta aiki, ta fata, wadda ta yi baƙi da man jirgi, tafinta ya sha faci. Tun ranar da ya bar tashar jiragen ruwa take cikin akwatinsa, ko Turki bai yarda ya taɓa ta ba. Sai a lokacin na gane abin da ya tsayar da shi a ɗaki da asuba, da abin da ya dunƙule a aljihu duk tsawon lokacin da 'yarsa ke kwance a kan ƙanƙara.

Ya sa mata da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi mata yawa, yatsun suna lilo.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Ki ajiye ta kusa da sarƙar, kada ki sa a akwatin kaya."

Manal ta kifa kai a kafaɗarsa, ta jiƙa masa farar riga da ruwan ƙanƙara. Bai janye ba. Na ce wa Ubale ya turo a ɗauki tirensa bayan an sauko daga masallaci, da kan kifin. Kafin mu bar wurin hawan ya koma siminti, ruwa na bin kwata zuwa teku.

A hanyar gida Manal ce ke tuƙi, Yaya na gaba kusa da ita. Ba mu yi nisa ba ya ce ta tsaya a gefen titi. Ya fita ya buɗe bayan mota, ya duba ko jakar sarƙar ta zauna daidai, ya gyara mata zama, sannan ya dawo ya ce mu tafi. Ba wanda ya yi masa dariya.